Numfashi Bakwai a Minti Ɗaya

A gidansu Likitar Awaki ake ce mata. Yayanta ne ya laƙaba mata sunan tun tana karatun likitancin dabbobi, ya kuma bi ta har ta buɗe ɗan asibitinta a bayan kasuwa, ta yi aure, ta haihu. Mahaifinsu ne kaɗai bai taɓa kiranta da shi ba, shi Uwata yake cewa. Ranar da tsohon ya zame ƙashin ƙugunsa ya karye, ko shawarar wanda zai yi jinya ba a yi ba.

"Ai ke kika san kan asibiti," in ji Yaya a waya, daga garin da yake aiki.

Ta rufe asibitinta, ta kai yara wurin ƙanwar mijinta, ta taho.

Kwana biyu ke nan da yi wa Baba tiyata, an sa masa ƙarfe a ƙugu. Gado shida ne a ɗakin, fanka ɗaya, da kujerar roba mai tsagaggen hannu wadda ke mintsininta duk lokacin da ta jingina. Baba tela ne, shekara arba'in yana kan keke, kuma ba rago ba ne. Allurar keke ta taɓa huda masa yatsa, ya zare ta da filaya ya ƙarasa ɗinkinsa. Amma yanzu kuka yake yi da hawaye. A yi masa allurar mofin mai kashe ciwo, ya lafa na awa guda, ciwo ya dawo kamar ba a yi ba. Sau biyu ana ƙara yawanta.

Da safiyar kwana na uku likitan allurar barci ya shigo, gajeren mutum, idanunsa jajur. Ya duba fayil, ya dubi Baba.

"Baba, akwai maganin da kake sha a gida?"

"Babu."

Ita kuwa ta tuna fankon ledojin magani da ta taɓa gani a aljihun keken ɗinki, cikin zare da maɓallai.

"Yana shan tiramadol saboda gwiwoyinsa," ta ce. "Zai kai shekara biyar."

"Tara," in ji Baba, fuskarsa a bango.

Likita bai yi faɗa ba, ajiyar zuciya kawai ya yi. Ya ce tiramadol da mofin dangin juna ne, jikin Baba ya saba da ɗaya, shi ya sa ɗayan ba ya kama shi. Za a sa masa ketamin kaɗan a cikin ƙarin ruwa.

Dariya ta kuɓuce mata, irin ta gajiya. "Shi nake yi wa karnuka da kyanwoyi kafin in yi musu aiki."

"Ashe abokiyar sana'a ce. Naki marasa lafiyar dai ba sa ɓoye abin da suke sha."

"Yanzu maganin kare za a ba ni?" in ji Baba.

"Ɗan mitsitsi, Baba, ba na sa barci ba. Zai sa mofin ya riƙa kama ka yadda ya kamata. Saboda haka za mu rage mofin ɗin, don in aka bar shi yadda yake zai yi maka yawa."

Yana cikin rubutu wayarsa ta yi ƙara, ana nemansa a ɗakin tiyata. Ya rufe fayil ya fita da sauri.

Ƙarfe goma aka ɗaura ruwan. Kafin sha biyu Baba ya saki ƙarfen gadon da ya kwana biyu yana damƙe da shi. Ya fara surutu. Ya ce wanda ya ɗinka labulen nan a karɓe masa almakashi. Ya ce silin yana lumfashi. Ya gaisa da marigayiya mahaifiyarsu, ya tambaye ta inda ta ajiye masa tef ɗin awo. Likitar Awaki ta riƙa goge masa yawu da gefen tawul. Ta san wannan kallon, ta san wannan rawar idon, ba ta dai taɓa ganinsu a fuskar ubanta ba.

Ƙarfe biyu nas ta zo da allurar mofin. Mace ce babba, ita kaɗai ke riƙe da ɗakuna uku tun safe. Likitar Awaki ta kalli sirinjin, ta ga kamar cikarsa ɗaya da na jiya.

"Sista, likita ya ce za a rage."

"Abin da ke rubuce nake bi, 'yar'uwa."

Ta ja baya, aka yi allurar. Shekaranjiya da ta yi magana a kan gudun ƙarin ruwa, ta jiyo ana dariya a teburin nas-nas, ana cewa mai awaki ta zo koyar da aiki. Ta ce a ranta wataƙila an tsinka shi da ruwa, wataƙila idonta ne.

Baba ya yi barci, na farko tun da aka fito da shi daga tiyata. Ta zare ƙafafunta daga takalmi, sun kumbura. Yaya ya kira, ta ce barci yake.

"Kin gani? Ke dai kin cika sa wa kanki damuwa."

Ta kifa kai a gefen katifa, ita ma barci ya sace ta.

Shirun da ke tsakanin munsharin Baba ne ya tashe ta. Ya ja guda ɗaya, sai tsit, har ta ɗago kai tana jiran na biyu. Hannunta ya riga tunaninta, ya hau kan haƙarƙarinsa, idonta na kan agogo. Bakwai. Ta sake ƙirgawa, bakwai. Ta ɗaga fatar idonsa, ƙwayar ta tsuke kamar bakin allura. Leɓunansa sun yi toka-toka. Ta murɗe masa kunne da ƙarfi tana kiran "Baba! Baba!", da ƙyar ya yi gurnani.

Ba takalmi ta isa ɗakin da nas take wanke wa wani ciwo.

"Sista, numfashinsa ya yi ƙasa."

"Ku 'yan jinya sai Allah. Yana kuka ku ce a zo, yana barci ku ce a zo."

"Bakwai a minti ɗaya. Zo ki ƙirga da kanki, in ya kai goma ki zage ni a gaban kowa."

Nas ta dube ta, ta ajiye almakashi. Ta ƙirga ta samu shida. Nan take ta tsayar da ruwan, ta kifa masa abin shaƙar iska, ta ce, "Ɗaga masa haɓa, kin iya?"

"Na iya."

Likita ya shigo da hular tiyata a kansa. Ya zuƙo maganin da ke karya ƙarfin mofin, ya riƙa tura shi a jijiya kaɗan-kaɗan. Minti biyu, uku, Baba ya ja dogon numfashi, ya buɗe ido. Tare da farkawar ciwon ya dawo gaba ɗaya. Ya cafki ƙarfen gado, ya waiga ya ga 'yarsa riƙe da haɓarsa.

"Uwata, me na yi miki? Kwana uku ban runtsa ba. Na samu barci, kin sa an tashe ni."

Ta gyara masa abin iskar.

Likita ya buɗe fayil, ya juya shafi, ya dawo baya, ya daɗe a tsaye. "Laifina ne," ya ce. "Na rubuta ketamin, ragin mofin kuwa da baki kawai na faɗa."

Nas ta sunkuyar da kai. Likitar Awaki ta laluba a ranta ko za ta samu fushi, ba ta samu ƙarfin yin sa ba.

"Yanzu dai yaya za a yi da shi?"

Ya ce maganin da ya yi masa yana riga mofin fita daga jiki, Baba zai iya komawa yadda yake. Sai an riƙa ƙirga numfashinsa duk bayan minti sha biyar har yamma. In ya daidaita a mayar da ruwan, a raba mofin biyu. Wannan karon ya rubuta, ya nuna wa nas da yatsa.

Can nas ta dawo da takarda da biro, da kujera mai katifa daga teburinsu. "Likita," ta ce mata a hankali, "mutum sha takwas gare ni. Ki taimaka ki riƙa rubuta mini."

Haka ta wuni. Numfashi sha ɗaya, goma, sha biyu, sha uku. Baba ya juya mata ƙeya yana nishi, in ta ɗora masa hannu ya ture. Wajen ƙarfe biyar Yaya ya sake kira, ta ba shi labari a taƙaice.

"Wa ya ce a ba shi maganin dabbobi? Kuma kina zaune?"

Ta ajiye wayar a kan katifa ta bar shi yana ta faɗa, don lokacin ƙirga ya yi.

Kafin rana ta faɗi ciwon ya lafa. Bayan kwana biyu aka cire ketamin, Baba ya fara zama a bakin gado. Bai tuna komai na wannan yinin ba, sai dai ya riƙa gaya wa masu dubiya cewa akwai ranar da ya yi wani barci mai daɗi a asibitin nan. Ba ta gyara masa zancen ba.

A kwana na tara aka sallame su, da sandunan dogarawa da takardar yadda zai rage tiramadol sannu a hankali. Yaya ya ce zai yi ƙoƙari ya shigo ƙarshen wata. Ta shimfiɗa katifa a ƙofar ɗakin Baba, ta aika a kawo mata yaran nan gidan, don likita ya ce sai tsohon ya yi mako shida kafin ya iya sa takalmi da kansa.