Ƙasar Da Ke Ƙarƙashin Tayil

Kwana uku da gama shimfiɗa tayil a tsakar gidan Mama, ina ta yi wa maƙwabta burga, sai ga yayata ta shigo ido jawur. Aikinta bincike. Shekara biyu ke nan tana kiwon bakteriya a faranti kamar 'ya'yan cikinta.

"Auta, ina gindin lemon nan?"

"Kina tsaye a kai, ranki ya daɗe. Dubi sheƙi, har fuskarki ake gani."

Ta zauna daɓas. Firizar ɗakin bincikensu ce ta lalace, duk abin da ta adana ya mutu. Daga ƙasar gindin lemon marigayi Baba ta samo bakteriyar, tun kafin bishiyar ta bushe. Wai a cikin ƙwayoyin halittarsu akwai wani abu kamar makunnin lantarki, in ya kunnu sai su fara fitar da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Makunnin take nema, kuma saura ƙiris.

"To ki ɗebi ta bakin titi mana. Ƙasa ai ƙasa ce."

"Wuri goma sha ɗaya na gwada, sarkin surutu. Nan kaɗai na same su."

Na dubi tayil ɗina, layi a miƙe sambal. Mama na bakin kicin tana goge hannu, ta ƙi ko kallona. Gara ma ta yi faɗa.

Na ɗauko guduma. "Ina ne daidai? Kar ki sa in rushe gidan duka."

Mama ce ta yi taku huɗu daga bango, ta tsaya. "Nan Babanku yake ajiye kujerarsa. Bishiyar na damansa."

Tayil shida na fasa, har da simintin ƙasa. Kowane bugu sai na ce wayyo ni, Yaya na dariya tana jan hanci. Ƙasar ta fito baƙa, da danshinta, tana ƙamshi irin na ruwan farko.

Yaya ta durƙusa ta shinshina. "Irinsu ne ke wannan ƙamshin. Ko su ne, ko danginsu, sai na gwada." Ta cika kwalba uku da cokali.

"Ki gaishe su," na ce. "Ki faɗa musu kawunsu ya yi asara saboda su."

Na fara tattara ɓaraguzai, ina cewa gobe zan toshe wurin. Mama ta dafa kafaɗata.

"Bar min ramin nan haka, Auta."