Fetur Mai Lamba 92

Kafin Babayo ya fara sarin wanduna a kasuwar Canaan da ke ƙasar Sin, shekara ashirin ya yi yana kanikanci a Kano. Wata rana Liang, mai sayar masa da kaya, ya nuna masa tsohuwar motarsa ta tsere mai kafireto, yana kukan ba ta da ƙarfi duk da tana shan fetur mai lamba 98.

Babayo ya kira shi da "Laoban", wato maigida da Sinanci, ya ce, "92 ya ishe ta. Ba mai ne matsalarta ba."

Abokan Liang suka kwashe da dariya. Babayo ya naɗe hannun riga, ya wanke kafireton, ya sa aka canza fetur ɗin zuwa mai lamba 92. Mota ta tashi tana ruri.

Ya buɗe ƙofa ya ce, "Mai gardama ya shigo mu zaga."