Matakalar Gidan Auta

Tun da matarsa ta rasu, gwiwarsa ta dama kuma ta ƙi taka keken ɗinki, tsohon tela yake kwana a falon surukinsa. Babbar 'yarsa ce ta ɗauko shi. Gidan ɗaki biyu ne, ga yara kamar su fasa bango, don haka aka ba shi doguwar kujera. Kullum da safe sai ya naɗe bargonsa ya tura bayan labule kafin maigidan ya fito. Shi surukin bai taɓa faɗa masa magana marar daɗi ba, gaisuwa ma har da russunawa. Amma in ya zo kallon ƙwallo ya tarar da tsoho a miƙe, sai ya tsaya da rimot a hannu yana sauke wani irin numfashi da ya fi zagi ciwo.

Abin da ke riƙe da ran tsoho shi ne alkawarin Auta, ɗansa namiji tilo, wanda yanzu babba ne a wani kamfani. Maganar Auta kullum ɗaya ce: "Baba, gidan haya ne ya ɗaure min hannu. Ranar da na sayi nawa, ɗakinka za a fara sharewa."

To, ranar ta zo. Auta ya shigo falon yana ƙamshin turare, ya ce ciniki ya faɗa, dillali ya miƙa makulli. Gidan yana can unguwar da ke gindin duwatsu, inda masu hali suke gudun hayaƙi da hayaniyar gari. Unguwa ce mai ƙofa da maigadi, ko shagon sayar da ashana babu, bishiyoyi ma aski ake musu. Ya zauna a hannun kujera yana nuna wa ubansa hotuna a waya.

"Ga falo, ga kicin. Baba, kalli wannan ɗakin. Banɗakinsa a ciki, tagarsa tana kallon gari gaba ɗaya. Wallahi ina shiga kai na fara tunawa."

Bakin tsoho har kunne. Sai Auta ya yi ajiyar zuciya, ya goga yatsa, wani hoton ya fito. Matakala ce ta dutse, doguwa, ta taso daga bakin titi ta haye tudu har ƙofar gidan.

"Ga matsalar nan," in ji Auta. "Ni da ƙuruciyata sai na huta a tsakiya. Da wannan gwiwar taka, in wani abu ya same ka ba zan yafe wa kaina ba."

Tsoho ya matso da wayar kusa da idonsa. "Matakalar ce kawai?"

"Ita ce kawai, Baba. Ba don ita ba, ai gobe-gobe."

Wani tsohon da ya ji haka zai gane inda aka dosa, ya ja bakinsa ya yi shiru. Amma tela mutum ne da ya saba ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. In mai riga ya ce hammata ta matse, hammata yake gyarawa. An ce matakala, to matakala.

Akwai wata gadar sama ta masu tafiya a ƙasa a bakin babban titin unguwarsu. Washegari ya tafi can da sandarsa. Ranar farko ko rabi bai kai ba ya zauna yana haki, gwiwa ta kumbura kamar an hura ta. Masu sayar da kaya a gindin gadar suka samu abin nishaɗi. "Baba, ƙwallo za ka shiga ne?" "A'a, amarya aka yi masa a sama!" Shi ma sai ya taya su dariya, ya ce su dai su jira.

'Yarsa da ta gane abin da yake ciki, ai sai ta tsaya masa tsayin daka. Ta sayo man zafi, ta sayo bandeji, ta canza masa takalmi. Kullum sai ta dafa ruwa ta gasa masa gwiwar tana cewa, "Ka daure, Baba, saura ƙiris." Surukin ma, wanda bai taɓa tambayarsa ina za shi ba, ya koma rage masa hanya zuwa gadar. Tsoho ya yi ta sa musu albarka har da ƙwalla. Kada dai a zalunce ta, tana son ubanta. Amma tana son falonta ma.

A hankali ya fara kaiwa sama. Daga baya ya koma hawa ya sauka ya sake hawa, yana cije leɓe. Ran da ya haye bai tsaya ba, masu sayar da kaya har tafi suka yi masa. Ya dawo gida ya ce kada kowa ya gaya wa Auta, so yake yaron ya gani da idonsa.

Ranar hutu da hantsi ya sa rigarsa mafi kyau, wadda ya ɗinka da hannunsa lokacin ido na ido. 'Yar ta karɓi makullin motar mijinta, ta jefa akwatin tsoho a but, wai don kada a yi ta zirga-zirga. A ƙofar unguwar maigadi ya ƙare wa motar kallo, ya buga waya, sannan ya ɗaga ƙarfe yana yatsina.

Matakalar ta fi yadda take a hoto. Can sama Auta ya fito da gajeren wando, matarsa a bayansa.

"Baba, tsaya nan, ina zuwa! Yaya, kina da hankali kuwa?"

Ya ce yana zuwa, amma bai sauko ba. Tsoho ya ɗaga masa sanda, ya kama ƙarfen gefe, ya fara. Ƙafar hagu ta hau, ta jawo ta dama. Zufa ta jiƙa wuyan rigar. A tsakiya, inda Auta ya ce yake hutawa, gwiwar ta yi wata ƙara, idonsa ya yi duhu. Ya ƙi tsayawa. So yake a ce ko hutawa bai yi ba. Haka ya yi ta ja har ya dafa ƙofar gidan, ƙirjinsa na bugawa, yana dariya kamar yaron da ya ci jarrabawa.

"Ga ni, Auta. Ka gani? Ina ɗakin?"

Auta ya kalli matarsa, matar ta kalli ƙasa. Tsoho bai jira ba, ai ya haddace hotunan. Ya ratsa falo ya tura ƙofar da ke dama.

Ga tagar nan tana kallon gari, ba ƙarya. Amma ɗakin cike yake da injinan motsa jiki, bango guda duk madubi. Har da wani inji mai matakala, wanda mutum zai yi ta hawa ba ya zuwa ko'ina.

"Na ɗan lokaci ne, Baba," in ji matar Auta. "Bari in kawo maka ruwa." Ta fita, ba ta dawo ba.

Ya zauna a kan wani siririn benci, don ƙafar ta fara rawa. Daga kicin ya jiyo 'ya'yansa. Da raɗa suka fara, amma raɗar ba ta daɗe ba.

"Wa ya ce ki kawo min shi?"

"Kai ka ce matakala ce! To ga shi ya hau!"

"Ke ba ki san magana ba? Sai na fito na ce ba na so? Kin san irin mutanen da ke shigowa gidan nan? Zai zauna musu a falo yana tambayar wa ya ɗinka musu riga!"

"Ni kuma fa? Ni a gidan wani nake! Mijina ya gaji, ni ma na gaji. Ubanka ne kai ma!"

"Ke kika ɗauko shi tun farko, sai ki ƙarasa ladarki."

Tsoho ya kalli mutumin da ke cikin madubi, jiƙe da zufa, bandeji ya zamo har ƙauri. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a falon surukinsa. Ya lallaɓa ya tashi, ya fita ba wanda ya gani.

Ashe gwiwar ta gama bayar da abin da take da shi a wajen hawa. Yana sa ƙafa a matakin farko ta lanƙwashe. Ya kama ƙarfe da hannu biyu, sandar ta suɓuce ta gangara tana ƙara har titi. Sai ya zauna. Ya fara sauka da mazaunai, yana jan jiki daga mataki zuwa mataki, rigar na kwasar ƙasa. A barandar gidan da ke kallonsu wata mata ta ajiye kofinta ta miƙe. Wani mai yawo da kare ya tsaya a titi ya ɗaga kai.

Wannan karon Auta ya sauko, har da gudu.

"Baba, mene ne haka? Mutane na kallo! Ko wata ban yi a unguwar nan ba!" Ya cusa hannu a hammatarsa ya ɗago shi, ya juya ya daka wa yayarsa tsawa. "Yaya, sauka ki zagayo da motar ta baya!"

Ta tsaya a bakin ƙofa. "Wace baya?"

Bakin Auta ya riga ya faɗa. Can ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Ki bi titin ki sha kwana ta hagu. Zai kawo ki."

Ya ja ubansa suka koma ciki, suka ratsa falo, suka ratsa kicin. Ya buɗe wata faffaɗar ƙofa. Fili ne shimfiɗaɗɗe da siminti, motocin Auta a ƙarƙashin rumfa, ga kwalta ta taso a hankali ta kewayo tudun har bakin ƙofar. Tsakanin kicin da filin ko dokin ƙofa babu.

Tsoho ya daɗe yana kallon ƙasar.

"Auta, yaushe aka yi wannan hanyar?"

"Da ita aka gina gidan, Baba."

Tsoho ya gyaɗa kai. Ya zare hannunsa daga na ɗansa, ya jingina da bango. Auta ya ciro waya yana dubawa, suka tsaya suna jiran motar.