Ƙafar Hagun Ermanno

Ƙarar motar tana tsaga filin gwaji, sai da ta kai doguwar kwanar nan ta can ƙarshe ta yanke ɗif kamar an shaƙe ta, sannan ta dawo. Ornella Bertacchini ta cire abin sauraro daga kunnenta ta buga shi a kan tebur. Ta riga ta san abin da za a zo a gaya mata.

Ita ce ke riƙe da sashen lantarki a wani ƙaramin kamfanin ƙera motocin gudu da ke bayan garin Modena. Sabuwar motarsu, wadda suka raɗa wa suna Poiana, tana da babban injin fetur a baya da ƙananan injinan lantarki biyu a tayoyin gaba, sai ƙwaƙwalwar da ke sa su ukun su ja tare ba gardama. Ƙwaƙwalwar nan aikin Ornella ce. An riga an sanar wa masu saye cewa da kaka za a yaye wa motar mayafi, ga shi bazara ta yi nisa, kuma kullum aka kai kwanar nan da gudu sai mota ta ɗauke wuta.

Motar ta shigo rumfa tana huci. Ermanno Gozzi, direban gwaji, ya fito da ƙyar yana dafe da ƙofa, ya tuɓe hular kwano, ya gyara furfurarsa a gilashi kafin ya juyo. Da ƙuruciya ya yi tseren motoci a hanyoyin duwatsu, kuma ba ya barin kowa ya manta.

"Injiniya, 'yarki ta sake suma," in ji shi.

"Na ji da kunnena. Ermanno, ka taɓa birki a kwanar nan?"

"Ni? A wannan kwanar? Kabarin uwata na nan a Sassuolo, je ki tambaye ta ko ta haifi mai taka birki a wannan kwanar."

"Na'ura ta nuna an taɓa."

"To na'urarki ta sha giya da safe."

Abin da ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwar ba ɓoyayye ba ne a wurin Ornella, don ita ta rubuta dokar da hannunta: in an taka totur da birki a lokaci guda, mota ta ɗauka totur ya maƙale, ta yanke ƙarfi kafin a yi asarar rai. Kuma duk sanda motar ta suma, na'ura na nuna ɗan taɓin birki, ɗan mitsitsi. Tunda direba ya rantse, sai ta ɗora laifin a kan ƙarfe. Ta canza sansar birki, 'yar na'urar da ke jin an taka shi. Ta canza wayarta. Ta zargi babban batir da yi wa ƙananan wayoyi kutse, ta sa aka kwance rabin motar aka naɗe su da rigar ƙarfe, kanikawa suna ta gunaguni. Har garin Torino ta je ta yi cacar baki da masu sayar musu da sansar, ta dawo da kunya da ciwon kai. Da ta gaji ta ja motar da kanta, ta zagaya filin lafiya lau.

"A gudun da kika yi ko keken limaminmu ba zai suma ba," in ji Ermanno.

Ta nemi a ɗaura ƙaramar kyamara a wajen ƙafafunsa. Ranar kamar zai rushe rumfar. Shi ba ɓarawo ba ne da za a sa masa ido, tun kafin a haife ta yake gwada mota, in an ɗaura ya ajiye makulli. Mai kamfanin, Ivano Pedrazzi, dattijo ne mai sanyin murya da ba ya son a ɓata wa Ermanno rai, don tare suka taso.

"Injiniya, ki yi haƙuri da shi," ya ce mata. "Ki duba wayoyinki kuma. Ko kuwa ki cire wannan dokar mu huta?"

"Maigida, in na cire, ran da shimfiɗar ƙafa ta danne wa wani totur a kan babbar hanya, kai za ka je jana'izar ko ni?"

Ivano ya sosa ƙeya ya ce a je a ci abinci tukuna.

A gidan abincin da ke gefen filin ta cinye kwanon tortellini, 'yar taliyar nan mai cushen nama, cikin romo ba tare da ta ji ɗanɗanonsa ba, tana kallon Ermanno yana ba kanikawa labarin da suka ji sau ba adadi. Da ya shanye kofinsa sai ta miƙe.

"Ba ka son kyamara. To ni fa? A sa mini kujera a gefenka."

Ya dube ta, ya dubi kwanon da ta share. "Yanzu? Bayan wannan?"

"Yanzu."

"Kayan cikin motar nan fata ce mai tsada, Injiniya."

Aka ɗaure ta da bel ta ko'ina kamar kayan da za a aika ƙasar waje. Tun tashin farko ta gane kuskurenta. Ta san ƙarfin motar a kan allo, amma ba ta taɓa jin sa a ƙirjinta ba. Injinan lantarki suka fizge su kafin na fetur ya gama buɗe murya, kanta ya manne da kujera, romon ya taso har maƙogwaro. Ermanno kuwa waƙa yake yi. Duk da haka ba ta kalli hanya ba ko sau ɗaya. Ta tanƙwara wuya iyakar yadda hular ta bar ta, ta kafa wa ƙafafunsa ido.

Suka doshi doguwar kwanar. Ƙafar dama na kan totur. Sai ga ta hagu ta zame daga mazauninta, a hankali kamar kyanwa za ta saci nama, ta ɗora kan babban yatsa a kan birki. Mota ta ɗauke wuta.

"Kin gani ko!" Ermanno ya daka ihu. "Kin ji ta da kanki!"

Suka tsaya a bakin rumfa. Ta fito ta yi bayan rumfa da gudu, ta mayar da abincin rana gaba ɗaya a cikin ciyawa. Ta kuskure baki, ta dawo ta tsaya a gabansa.

"Ƙafarka ta hagu. Na gan ta. Ka taka birki."

"Ban taka ba."

"Ermanno, da idona!"

"Au, wannan?" Ya ɗaga kafaɗa. "Ai wannan ba birki ba ne. Lallashi ne. Hancin motar yana ɗagawa a wurin, sai in ɗan dafa mata kai. Birki shi ne in kana so ka tsaya. Kin tambaye ni ko na taka birki, ba ki tambaye ni ko na lallashe ta ba."

Ornella ta tuna wayoyin da aka naɗe, da mai sayar da sansar nan na Torino da ta kira maƙaryaci a gaban ma'aikatansa. Wani bakanike ya soma dariya, ta waiwaya, ya mayar da ita tari.

"Tun farkon bazara," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Tun farkon bazara nake kwance motar nan ina ɗaurawa."

"Da kin yi tambaya mai kyau."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne da ta koma kan allo ta duba, ta tarar hancin yana ɗagawa ɗin. Kaɗan ne, amma a irin wannan gudun kaɗan ya isa ya raba tayoyin gaba da kwalta. Mai kuɗin da zai sayi motar ba shi da ƙafar Ermanno, kuma ba za a sayar masa da Ermanno a cikin but ɗin motar ba. Ivano ya sake kawo shawarar a cire dokar, ta ƙi. Ermanno ya ce a bar masu saye su koyi tuƙi, ta ce masa ya yi mata shiru.

Sauran bazarar a kan wannan ta ƙare. Ta koya wa ƙwaƙwalwar ta riƙa jin sanda gaba ya yi sauƙi, ta sa injinan lantarkin su ɗan ja baya su dafe hancin da kansu. Wannan karon an ɗaura kyamarar, bayan Ivano ya yi kwana da kwanaki yana roƙo, kuma Ermanno ya sayi sabon takalmi saboda ita. Kowane zagaye sai ya dawo da ƙorafi: ta dafa da wuri, ta dafa da ƙarfi kamar mahauci, ta makara. Ornella ta gyara, ya fita, ya dawo da wani. Sau da yawa ta kan shiga ɗakin ajiyar tayoyi ta rufe ƙofa ta yi zagi son ranta, sannan ta fito ta ci gaba.

Wata safiya ya shiga kwanar da cikakken gudu, ƙarar ba ta yanke ba, hoton kuma ya nuna ƙafar hagun tana zaune a inda aka ajiye ta. Ya fito bai ko dubi gilashi ba.

"Yaya?" ta tambaye shi.

"Ba laifi." Ya ajiye hular kwano. "Kin sace mini ƙafa."

"Na aro ne."

Ana gab da bikin nunin, Ivano ya kira su biyun ofis, fuskarsa cike da fara'a. Masu talla sun ce sabon tsarin nan shi ne abin da za a fi yayatawa, kuma yana buƙatar suna. Shi kuwa ya riga ya zaɓa. Za a rubuta shi da azurfa a jikin sitiyari: Tsarin Gozzi.

Ermanno ya dafe ƙirji, idonsa ya kawo ruwa. "Ivano, ai bai kamata ba."

"Gaskiya bai kamata ba," in ji Ornella.

Ba wanda ya ji ta, don sun riga sun rungume juna. Ta ɗauki jakarta ta fito. A bakin ƙofa shugaban kanikawa ya tare ta, ya ce gilashin ƙofar dama ya ƙi sauka tun safe, ko za ta zo ta duba.

"Wa ya taɓa shi?"

"Ba kowa, Injiniya. Na rantse."

Ta ajiye jakar a ƙasa, ta naɗe hannun riga, ta ce ya kira mata duk wanda ya shiga motar yau, su yi layi.