Marfin Gurbin Rediyo

"Ajiye zarton nan, Royce."

"Motata ce."

"Wa ya ce ba taka ba ce? Cewa na yi ka ajiye zarton."

Royce bai ajiye ba. Yana zaune a kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje, ƙaramin zarton lantarki a cinyarsa, kwalin sabuwar rediyo a kujerar gefe. Kakansa Merle ya sunkuyo ta ƙofar motar, ya ƙura wa bakinsa ido kamar mai jiran ƙarya ta fito ya cafke.

"Kaka, minti hamsin nake yi zuwa wurin aiki, minti hamsin dawowa. Kullum. Ni kaɗai da tunanina. Ka san abin da ke cikin kaina kuwa? Ba abin saurare ba ne."

"Me?"

"Na ce shirun ya ishe ni!"

"Shiru?" Merle ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Silinda takwas na ruri a gabanka, ka ce shiru? Kai dai an yi asarar kunne. Ka ba jaki ya fi ka amfani da su."

"Ka ba ni akuya ka riƙe igiya, tsoho."

"Akuyar ce ta fi ka hankali, shi ya sa."

Motar Chevelle ce ja, ƙirar 1970. Merle ya saye ta sabuwa fil yana saurayi, shekararsa ta biyu a masana'antar buga ƙarfen mota a nan garin Flint. Ranar da ya je saye ya ce wa dillalin kada a sa masa rediyo. Sai aka toshe gurbin da wani ɗan marfi baƙi, kuma marfin na nan har yau. Duk unguwar ba wanda bai ji labarin ba, wasu sau goma. Bara gwiwar Merle ta ƙi taka kuloci, ya sa hannu a takarda, mota ta koma sunan jikansa. Takarda kawai ta koma. Ko madubi Royce ya gyara sai an tambaye shi dalili.

Sabuwar rediyon ta fi gurbin faɗi. Sai an yanke dashbod, wato allon gaban motar, yatsa biyu ta kowane gefe. Royce ya auna, ya zana layi da fensir. Ya kuma san abin da aka yanke ba ya komawa.

"Yau Asabar," in ji Merle. "Kai ni filin taron motoci tukuna. In mun dawo ka yanka, ka yanka ni ma."

Royce ya ja tsaki, ya ajiye zarton kan benci, ya jefa kwalin a kujerar baya.

A hanya ba wanda ya ce uffan. Haka suke tafiya ko da yaushe. Merle ya miƙa hannun hagu ya ɗora tafinsa a kan marfin nan, idonsa a titi. Royce ya daɗe da fassara wannan zaman: tsoho na gadin kayansa ne, yana nuna masa iyakarsa. Haushi ya ƙara turnuƙe shi.

Ga kuma ƙarar. Kwana uku ke nan yana jin ta. Ƙas-ƙas-ƙas, siririya, can ƙarƙashin rurin injin, tana sauri in ya taka totur, tana lafawa in ya saki. Da gangan bai faɗa ba. Yana jira ne kakansa mai kunnen zinariya ya gano da kansa, ya ga ko zai ɗora masa laifi.

A fitilar kan titin Saginaw ya kasa daurewa. "Kana jin wannan?"

Merle bai ko juyo ba.

"Kaka."

Kunnen uwar shegu, in ji Royce a ransa. To, ka ji da shi.

Filin wurin ajiye motoci ne na wani kanti da ya daɗe da rufewa. Kowace Asabar ta bazara tsofaffi ke cika shi tun da safe. Kowa ya ɗaga bonet, ya kafa kujerar naɗewa a gefe, kofi a hannu, ana jiran wanda zai leƙa inji ya yaba. Da jar motar ta shigo aka fara ɗaga hannu.

"Ga sarkin kunne!" in ji Hollis, abokin Merle tun daga masana'anta, wani dogo mai sanda. "Merle, yau ma yaron ne ke jan ka kamar buhun dankali?"

"Kai ka zo da ƙafarka ne ko da motar asibiti?"

Royce ya ɗaga bonet ya bar injin na aiki, don haka al'adar take. Mutane suka matso. Wani mai jar hula ya leƙa ciki ta taga, ya hango kwalin a baya, ya dafe ƙirji.

"Wayyo! Ɗan nan, rediyo za ka sa? A motar da ta fito ba rediyo? Ka san irinta nawa suka rage a duniya?"

"Ban ƙirga ba."

"Sa abin jin kiɗa na kunne mana, irin na yaran zamani."

"Da wannan rurin? Na gwada. Sai ka ce ana waƙa a cikin injin niƙa."

"Ku bar shi," in ji Merle da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. "Bari in nuna masa abin da zai binne da kiɗan banza."

Ya zaro doguwar sukudirebarsa daga aljihun baya, mai mariƙin katako da ya yi baƙi don tsufa. Da ita ya yi suna. Shekara arba'in mutane na kawo masa motoci daga garuruwa: ya dafa bakin ƙarfen a jikin inji, ya manna mariƙin a kunne, ya rufe ido, ya faɗi inda ciwon yake kafin a kwance ko noti ɗaya. Yau ma haka ya yi. Ya dafa nan, ya dafa can. Ya dafa daidai murfin bawul na dama, inda ƙarar ke fita har Royce na jin ta daga inda yake tsaye.

Merle ya buɗe ido, ya miƙe, fuskarsa cike da alfahari.

"Kun ji? Kamar agogo. Ko tari babu."

Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas.

Mai jar hula ya sunkuyar da kai yana duba kofinsa. Wani ya ce, "Haka ne, Merle," ya juya wajen motarsa. Royce ya buɗe baki, sai ya ji sandar Hollis ta taɓa masa ƙafa.

"Zo ka riƙe min wani abu, ɗana."

Ba abin da za a riƙe. Hollis ya kai shi bayan wata motar ɗaukar kaya, ya tsaya ta yadda Merle ba zai ga bakinsu ba.

"Kai da kake gida ɗaya da shi, ba ka sani ba?"

"Me?"

"Kunnen ya tafi. Ya fi shekara biyu. Guduma talatin na dukan ƙarfe a kanmu shekara da shekaru, me kake tsammani? Nawa ma na roba ne." Ya nuna ɗan abin ƙara ji da ke maƙale a bayan kunnensa. "Shi ya rantse ba zai sa ba. Babbar murya yana ɗan tsinta, sauran a leɓe yake karantawa. Amma ƙananan kukan nan da ake gane ciwon inji da su, babu."

"To me ya sa kuke ce masa haka ne?"

"Kai za ka faɗa masa? Bismilla, ga shi can." Hollis ya kurɓi kofi. "Bawul ne, ba wani abu ba. Kawo min ita ran Talata, kada ka ce masa komai."

Royce ya tsaya yana kallon kakansa daga nesa. Tsohon na goge sukudireba da gefen riga, yana yi wa wani bayani, yana kallon bakin mutumin. Abin ya ba Royce haushi fiye da da, kuma bai san wa zai ji wa haushin ba. Wata shida ana hana shi rediyo saboda kiɗan inji, ashe mai hanawar ba ya jin kiɗan. Ko ya sa lasifika goma ya ƙure su, tsohon ba zai san an kunna ba. Gardama ta ƙare, ya ci. Bai ji daɗin cin ba ko kaɗan.

Da rana ta take suka kama hanyar gida. Merle ya zauna, ya miƙa hannu, ya ɗora tafi a kan marfin. Wannan karon Royce ya duba da kyau. Tsakiyar marfin ya koɗe, baƙin ya goge ya yi sheƙi, daidai faɗin tafin hannu. Da ya taka totur sai ya ga yatsun tsohon sun ƙara mannewa. Da ya canja giya, leɓen Merle ya motsa kaɗan, kamar mai bin waƙa. Royce ya saki totur da gangan, ya sake takawa. Yatsun suka bi. Ashe da tafin hannu tsohon ke sauraron injin.

Layin fensir ɗinsa ya ratsa ta ƙarƙashin ɗan yatsan tsohon.

Ya shigar da motar gareji, bai kashe ta ba. Zarton na nan kan benci inda ya bar shi. Gobe Lahadi, jibi aiki: minti hamsin zuwa, minti hamsin dawowa, shi da kansa da ba ya yin shiru. Wannan bai canja ba. Ya ji kamar ya daki sitiyari.

Merle ne ya fara magana, bai ɗauke hannunsa ba.

"Na yi alkawari, ba na saɓawa. Taka ce. Ka yanka." Ya shafa marfin da babban yatsa. "Ka dai ba ni marfin in ka cire."

"Kaka…"

Tsohon ya juyo gaba ɗaya, ya kafa wa bakin jikansa ido. Injin na ruri a tsakaninsu, siririyar ƙarar na bin sa a baya, ƙas-ƙas-ƙas.

"Ɗazu a fili, da na ce kamar agogo, ba wanda ya kalle ni," in ji Merle. "Kai mai kunne, faɗa min. Akwai abin da take faɗa da ban ji ba?"