Yoyon Ɗakin Inna

Tun daminar bara ɗakin Inna yake yoyo. Tela, ɗanta na biyu, shi ke riƙe da ita tun rasuwar mahaifinsu, kuma ba abin da bai yi wa rufin nan ba. Ya shafa kwalta a kan ƙusoshi, ya sauya fallen kwano, har tsumma ya cusa. Da ruwa ya sauko sai ɗigon ya dawo, daidai kan gadonta. A ja gadon gefe, ya bi shi can.

"Ruwan nan ya san ni," in ji Inna, tana dariya tana tari. "Ka samo min lema kawai in riƙa kwana da ita."

Tela bai yi dariya ba. Silin ya yi baƙi ya kumbura, katifa ba ta bushewa, tarin kuma kullum gaba yake yi.

Da dabara ta ƙare masa, ya kira kafinta. Mutumin ya ɓalle silin, ya zura kai da tocila, ya daɗe yana shafa katako.

"Maigida, inda yake ɗiga daban, inda yake shiga daban. Katako yake bi. Ɗebo ruwa mu gwada."

Suka hau, suna kwarara bokiti daga ƙasan rufin zuwa sama, matar Tela na ciki tana kallo. Shiru. Sai da suka zuba a jikin bangon benen da ke manne da gidan ta ɗaga murya: "Ga shi nan!"

Simintin da ya haɗa kwanon da bangon ya tsage. A samansa kuwa indararon benen ne ya saito bakinsa daidai wurin.

"Ko na toshe, in ba a karkatar da wancan ba, aikin banza ne," in ji kafinta. "Benen wane ne?"

"Na yayana ne."

Tun da aka raba filin gado ba sa ga-maciji da juna. Tela ya yi ta jan ƙafa, har ranar da ya tarar da Inna zaune a kujera, ta rufe kai da leda. Ya haɗiye girman kai ya je.

Yaya ya biyo shi, ya tsaya a bakin ɗakin yana toshe hanci.

"A nan ka ajiye uwarmu?"

"Ruwan gidanka ne, Yaya."

"Ruwan Allah dai. Baki gare ka, me ya hana ka magana tun bara?"

Yaya ya ce gobe za a gyara indararo, amma Inna ba za ta ƙara kwana a nan ba. Da yamma aka kwashe kayanta zuwa benen.

"Kwana biyu ne, auta," ta ce wa Tela. "Da an gama zan dawo."

An karkatar da indararo. Kafinta ya cire ruɓaɓɓun katakai, ya lanƙwasa kwano ya cusa gefensa cikin bango, aka bi da siminti. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai shigo ba. Tela ya sa sabon silin, ya yi fenti, ya hau benen ɗauko ta.

Ya same ta kwance, ta rame, numfashinta yana ƙara. Likita ya ce sanyi ya riga ya kama ƙirjin, ko matakala ba za ta iya sauka ba.

"Ya daina?" ta tambaya.

"Ya daina, Inna."

"Madalla. Ka mai da keken ɗinkinka ciki, kada ɗakin ya zauna haka."

Ba ta ga ƙarshen daminar ba. A ƙofar benen aka karɓi gaisuwa. Masu zuwa suka riƙa kama hannun Yaya suna sa masa albarka, wai ya riƙe mahaifiyarsa har ƙarshe. Tela na zaune can gefen tabarma, kansa a sunkuye. Wani baƙo ya dafa shi ya ce, "Malam, kai ma maƙwabci ne?"

Ya ɗaga kai ya ce, "E."