Libarbar Tsoho da Man Wardi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Inna.

A zamanin da alhazai ke fita Mina bisa raƙuma, akwai wani mutum a unguwar Rusaifa, can ƙasa mai tsarki, ana ce masa Tsoho, ko da yake a lokacin ko furfura bai yi ba. Aikinsa guda ɗaya ne a shekara, gadin ragunan wani falke, Abdulƙadir, a Mina, kuma da shi gidansa ke ci har wata shekara.

To, yana da libarba, 'yar bindigar hannu mai ramukan harsashi shida. Bara ya yi ta harbin karnukan daji da ita, ya jefa ta akwati bai goge ba. Ran fita Mina da safe, ya riga ya ɗaura harami, sai Abdulƙadir ya aiko cewa yana tafe ya ga bindigar. In ba ta ɗaukar harsashi, wani zai ba gadin.

Tsoho ya gwada, harsashi ya ƙi shiga. Dalma ta daskare a bakin ramukan, baƙin albarushi ya bushe a ciki kamar ƙanzo. Ya zauna da tsinken tagulla ya kankare dalmar, amma baƙin nan sai da mai.

Ya ce wa matarsa, "Sa'adiya, ina kananzir?"

"Ka sha shi a shayi, Malam. Da me kake tsammani na kunna risho?"

Mai ɗaya ya rage a gidan, man kitsonta mai turaren wardi. Mai harami kuwa ba ya taɓa turare, kun sani. Ita bana ba ta yi niyyar hajji ba, sai ta karɓe bindigar. Ta naɗa tsumma a tsinke, ta tsoma a mai, tana murzawa rami rami, tsumma na fitowa baƙi ƙirin tana sakewa, shi yana daga bakin ƙofa yana ba da umarni.

"Ki juya gangar harsashin a hankali."

"Tukunyar da ka ƙona ma na wanke, balle wannan."

Ramuka suka yi fes, har rana na ratsa su. Sai ga Abdulƙadir ya yi sallama, shi ma cikin harami. Ya miƙa hannu ke nan ƙamshi ya buge shi, ya janye.

"Ya Tsoho, bindiga ce ko amarya? Ni dai ba na taɓa ta. Yalla, maza ɗura in gani, raguna sun yi gaba."

Tsoho ya dubi bindigar tana naso a tabarma. Ba lokacin wankewa, kuma sabulun gidan ma mai ƙamshi ne. Ya yi bisimilla ya ɗauka, ya zura harsashi ɗaya bayan ɗaya, duk suka shige sumul, mai ya jiƙe masa yatsu.

Abdulƙadir ya ce, "Khalas, shi ke nan, gadi naka ne. Fidiya ma taka ce, ba ruwana."

Tsoho ya yi gadinsa a Mina, ya tsaya Arfa, ya dawo ya yi azumin kwana uku na fidiya. Abdulƙadir ya sayar da ragunansa, ko ɗaya bai ɓace ba. Sa'adiya kuwa ta yi hajjinta shekarar da ta biyo, suka tsufa tare a Rusaifa.